Gaisuwar Baffa a Hanyar Roni

Kazaure, ƙarfe shida saura ashirin

Ina dawowa daga sallar asuba na jawo keke daga zaure, murna kamar ta kashe ni. Wata takwas ke nan rabona da Roni, inda nake aikin malamin gona, tun ranar da babur ya kayar da ni a hanyar Babura, gwiwata ta hagu ta tashi daga aiki. Ƙashi ya haɗe, amma ƙafar ta sandare. Mai gashin ƙashi ta asibiti ce ta haɗa ni da keke. Ta ce in ɗaga sirdi sama, duk mako in sauke shi faɗin yatsa ɗaya, gwiwar za ta koyi lanƙwasuwa a hankali. Mako bakwai na yi ina zagaya unguwa, har tumbin da na tara a kwance ya fara zubewa. Yau kuwa na ce sai wurin aiki.

Zulai, mai ɗakina, ta biyo ni zaure da gorar ruwa.

"Malam, wannan sammakon fa? Sai takwas ake buɗe ofis."

"Sanyin safiya nake so."

"Sanyin safiya, ko dai tsoron Baffa?"

Ta gano ni. Ƙauyensu yana bakin titi kafin a shiga Roni, kuma mahaifinta, Baffa Iro, bakwai na bugawa yake shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiya. Ba a wuce suruki a kan keke, ba a kuma gaishe shi a tsaye. Ni kuwa tun haɗarin ban tsuguna ba, salla ma a kujera nake yin ta. Shi ma bai zo duba ni ba, don Zulai 'yar fari ce, kunya ba ta barinsa ya taka gidanta, sai dai man shanu da ya yi ta aikowa. Dabarata ita ce in wuce tsamiyar nan kafin ya fito.

Shingen bayan gari, shida da minti biyar

Wani jami'i da ya san ni ya haske ni da tocila.

"A'a, Malam Sabi'u! Ina babur ɗin?"

"Mun ɓata, yallaɓai."

"Ma'aikacin gwamnati guda a kan keke?"

"Likita ce ta rubuta min shi, safe da yamma, bayan cin abinci."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗage min katakon da kansa.

Daga nan hanya ta buɗe. Gari ya waye tas, duwatsu sun yi shar saboda ruwan shekaranjiya, gero ya fitar da kai hagu da dama. A gangara na saki feda, iska tana cika min riga, ban san lokacin da na yi ihu ni kaɗai ba. Wallahi na manta rabon da in ji daɗi irin wannan.

Abin da ban lissafa ba shi ne dattawa. Sau uku ina haɗuwa da tsofaffi masu tafiya gona, sau uku ina sauka in gaishe su, don ban iya wucewa a kan sirdi. Sauka ba wuya, sake hawan ne aiki. Na ƙarshensu ma sai da ya tsare ni ya ba ni labarin tsutsar da ta addabi wakensa, ni kuwa idona yana kan agogo.

Bakwai saura minti takwas na hango tsamiyar. Ba kowa! Na sunkuyar da kai na taka feda da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Wata mai tallan nono ce kawai a bakin titi, ta bi ni da kallo har na ɓace. Na ji daɗin tsira, amma kuma na ji kunyar kaina.

Roni, bakwai da minti ashirin da biyar

Wayata ta nuna na yi wajen kilomita ashirin. Na zauna a tasha na sha koko kofi biyu da ƙosai mai zafi, gumi yana ɗiga. A ofis abokin aikina Tukur ya zagaya ni sau biyu yana taɓa baki.

"Ina ka baro tumbin?"

"Yana hanya, rabinsa a wancan hawan na bayan shinge."

Muka wuni a gonar gwaji ta gyaɗa, ƙafa ba ta ce uffan ba. Da rana muka ci dambu, muka kora da fura.

Komowa, huɗu da rabi

Sai da na baro Roni sannan hankalina ya dawo jikina. Duk lissafina na safe ne, na manta hanya ɗaya ce zuwa da dawowa. Daga nesa na hango gindin tsamiya cike, dattawa shida, Baffa a tsakiya, ya juyo da buzunsa yana fuskantar titi. Ashe mai nonon nan ta kai labari tun hantsi.

Ba wurin gudu. Na sauka tun daga nesa, na jingine keken, na tuɓe takalma. Na ce bismillah, na fara yin ƙasa. Gwiwar ta yi ƙas, na jira zafi, bai zo ba. Na ƙara sauka, na ƙara, sai ga ni a kan dugadugaina. Na tsuguna! Da ba gaban suruki ba ne da na yi kabbara da ƙarfi.

"Barka da yamma, Baffa."

"Barka kadai, Malam," ya amsa yana kallon gefe kamar yadda ya saba. "Ya jiki? Ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau, Baffa. Suna gaisuwa."

Muka bi damina, muka bi shanu, muka bi gajiya, na gaida sauran ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama na yunƙura in tashi, ƙafa ta ce ba da ita ba. Na sake yunƙurawa, na dafa ƙasa, ina! Dattawa kowa ya kawar da kai don kada in ji kunya.

Sai Baffa ya miƙe. Shekara goma sha ɗaya da aurena da Zulai, ko musabaha bai taɓa yi da ni ba. Ya sa hannu biyu a hammatata ya ɗaga ni cak, bai kuma sake ni nan da nan ba.

"Kullum ina duban titin nan," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ko a tsaye ne, ka riƙa tsayawa in gan ka."

Ya koma kan buzunsa ya ci gaba da jan carbi, kamar ba shi ya yi maganar ba. Ni dai ban san yadda na taka sauran hanyar ba.

Kazaure, shida da kwata

Na iso gida ana shirin kiran magariba, ina godiya ga Allah, ina sa wa mai gashin ƙashi albarka, har da mai nonon da ta tona min asiri. Tun daga zaure na fara zuba wa Zulai labari, ta yi guɗa da ta ji na tsuguna. Da na zo wurin ɗagawar sai ta ajiye butar da ke hannunta.

"Baffa? Da hannunsa?"

"Da hannunsa biyu."

Idonta ya ciko.

"Ni da ya haifa, ban taɓa jin ya kira sunana ba," ta ce. Sannan ta matso ta ɗora tafinta a gefen rigata, daidai inda ya riƙe.