Ah Yung ya koma bayan layi

Ah Yung yana da shekara hamsin da tara. Manomi ne a ƙauyen Shingdam, arewa da garin Putao a ƙasar Myanmar, kuma har zuwa bara shi ne mai shiga gaba idan 'yan dakon ƙauyen za su kai baƙi kan dutsen Phongun a lokacin sanyi.

Shiga gaba ba ƙaramin matsayi ba ne a wurinsu. Kowa yana goye da kwandon kaya, igiya a goshi, ban da na gaba. Shi adda ce kawai a kafaɗarsa da doguwar sandar gora, yana fasa hanya cikin dusar ƙanƙara. Idan ya ce a juya, an juya ke nan. Ba a yi masa musu a kan dutse, mai magana ya riƙe ta sai an sauko. Duk shekara bayan girbi maza kan tsaya a harabar coci ranar Lahadi su faɗi wanda suke so, kuma an daɗe ba a ambaci wani suna ba sai nasa.

Ya fara hawa ne yana saurayi, yana bin mahaifinsa tonon saiwar magani idan ƙanƙara ta narke. Wata shekara suka iske wani kwari da suka sani cike da itatuwa ya zama fili, manyan bishiyoyi a kwance, kawunansu duk sun kalli gangare. Ƙanƙarar sama ce ta zafto ta share su. Daga nan tsohon ya koya masa abin da yake yi har yau. Kafin a ratsa gangare mai tsayi, sai ya tona rami da adda, ya ɗebo ƙanƙarar can ƙasa ya matse a tafin hannu. Idan ta dunƙule kamar dafaffiyar shinkafa, a wuce. Idan ta zube ta tsakanin yatsu kamar ɗanya, to ta saman, komai taurinta, ba a kan komai take zaune ba.

A watan Janairun da ya wuce aka aiko musu baƙi daga birnin Mandalay. Babbansu U Thein Zaw, mai shagon kayan babur, ya ba sittin baya bai taɓa taka ƙanƙara ba. Suna hanya aka yi ta zuba ta, iska ta biyo baya, sannan gari ya waye tas. Da hantsi suka iso gangaren ƙarshe, ƙololuwa na bisa kansu. Ah Yung ya durƙusa ya fara tono.

Ah Sin, ɗan ƙanwarsa, magidanci mai 'ya'ya uku da ya fi kowa ƙarfi a cikin 'yan dakon, ya sauke kwandonsa ya leƙo.

"Kawu, yau kuma me aka dafa mana?"

Ah Yung ya buɗe hannu, ƙanƙarar ta tsiyaye. "Ɗanya ce."

"Haba Kawu, dubi sama fa. Ko gajimare ɗaya babu."

"Ba sama za mu taka ba."

U Thein Zaw ya matso yana haki. Ya kira Ah Yung Saya, kamar yadda mutanensu ke kiran wanda ya fi su sanin aiki. "Saya, ga shi can ina kallonsa. Ko jifa na yi sai ya kai."

"Ni ma ina ganinsa. Yana nan har baɗi."

"Shi yana nan," in ji baƙon. "Gwiwoyina ne ban sani ba."

Ah Yung ya mai da addarsa kube, suka juyo.

Gangaren bai zafto ba, ba ran nan ba, ba daga baya ba. Bayan 'yan kwanaki 'yan dakon ƙauyen da ke maƙwabtaka da su suka ratsa shi da nasu baƙin, suka kai sama, suka ɗauki hotuna, suka sauko lafiya. Kuma ba wannan ne karon farko da Ah Yung ya juyo da mutane suna kallon ƙololuwa ba. Mutumin da ke turo baƙi daga Putao ya fara tura su wancan ƙauyen. Sanyi ya wuce mazan Shingdam na zaune a gida, samari suka sa wa Ah Yung suna Kawu Mu-koma.

Matarsa Ah Kur ta tambaye shi wata rana tana fere gwaza: "Tsakaninka da Allah, da kun hau, da ta zube?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba ka juyo da bayin Allah?"

"Shi ya sa na juyo da su."

Ta girgiza kai. "Abincina ma ba ka bincikarsa haka, kai dai loma."

Da girbin bana ya ƙare aka taru a harabar coci. Babu wanda ya zage shi. Wani dattijo ya yabi shekarun da ya yi bai taɓa rasa mutum ba, sannan ya ambaci sunan Ah Sin, hannuwa suka tashi. Ah Yung ya ɗaga nasa tare da su.

Da yamma Ah Sin ya zo gidan kawunsa da ke kafe a kan turaku, ya zauna a bakin tsani bai hau ba.

"Kawu, ni fa ban nema ba."

"Ka nema mana. Bakinka ne bai faɗa ba. Hau ka sha shayi."

Ya hau. Ya ce ai Kawu ya yi nasa, ya kamata ya huta ya ji da gona. Ah Yung ya bar shi ya gama, sannan ya ce yana so a ba shi tukwane, shi zai riƙa yi wa baƙi girki.

"Girki? Da girmanka? Mai girki fa shi ne na ƙarshe a layi."

"Na san inda yake tsayawa."

"Kuma a kan dutse…"

"Ba zan yi maka musu ba. Ni na hana ku yi mini, ba zan fara ba."

Ah Sin ya juya kofinsa a hannu. "Amma ramin nan naka, za ka tona."

"Zan tona nawa can baya. In ka tambaye ni, in faɗa maka abin da na gani. In ba ka tambaya ba, ruwa zan ɗora."

Ah Sin ya ce to. Ah Kur da ke jin su daga wajen murhu ta kwashe da dariya, ta ce mutumin da bai san inda take ajiye gishiri ba shi ne zai ciyar da 'yan Mandalay.

Ana sa ran baƙin farko a ƙarshen wata. Jiya da safe ta zaunar da shi gaban wuta ya koyi miyar wake da soyayyar albasa. Ta farko ta ƙone. Ta biyu ta ɗanɗana ta ce mai jin yunwa zai ci. Ah Yung ya juye wa aladu, ya wanke tukunyar, ya sake ɗorawa.