Filash ɗin da Na Ɓoye a Hula

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa ba tare da sallama ba: haƙora huɗu, sunayen wasu jikokina, har da inda nake ajiye carbina. Amma wannan abin da zan ba ku labari, tsufa ya zo ya leƙa shi ya bar mini kayana. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba, kuma wallahi na so in manta.

A lokacin ni masinja ne a wani kamfanin buhuna a Sharada, inda ake saƙa buhu a buga masa suna da zane, na shinkafa, na taki, na abincin kaji. Boko aji uku na yi, shi ma rabinsa a bayan aji na yi shi ina ɓarar gyaɗa. Aikina kai takarda, shara, dafa shayi, da riƙe makullan ofisoshi. Mai riƙe da makulli kuwa, ko bai iya rubuta sunansa ba, yakan ɗauki kansa wani abu.

A ofishin ƙarshe, daf da ɗakin injuna, nan mai zanenmu yake zama. Mutumin Damagaram ne, magidanci mai 'ya'ya uku, siriri, ba ruwansa da hayaniya. Duk zanen da ka gani a jikin buhun kamfanin daga kwamfutarsa ya fito, wata tsohuwa mai ƙaton baya da aka haɗa da injin da ke fitar da zanen. Kun san tsakanin Bakano da Badamagare sai wasa. Kullum in na kai masa shayi sai in ce, "Bawa, tashi ka karɓa, ubangidanka ya zo." Shi kuma ko ɗagowa ba ya yi, sai ya ce, "Baba, a garinmu wanda ya kawo shayin shi ne bawan." Haka muka yi shekaru. Duk kamfanin ba wanda nake jin daɗin tsokana kamarsa, domin shi kaɗai ke rama mini da kyau.

To, a unguwarmu ta Zawaciki muna da wani malami da ya daɗe yana ba mu karatu a zaurensa bayan la'asar. Da Allah Ya yi masa rasuwa, sai aka gano wani maƙwabcina ya naɗi karatun nasa da yawa a waya. Na lallaɓa shi muka je shagon masu tura waƙoƙi a bakin titi, aka zuba mini a filash, ɗan abin nan kamar yatsa da ake sokawa a jikin kwamfuta. Ba a yi wata biyu ba aka zare wa maƙwabcin nawa wayar a cikin adaidaita sahu. Ka ga ke nan muryar malam duk duniya ba ta ko'ina sai a aljihuna.

Nan fa na samu sana'a. Ofis-ofis nake bi ina soka filash ɗin, ina cewa ku saurara ku samu lada, ni ma in samu kamashona a lahira. Na soka wa sakatariya, na soka wa mai kula da sito, na soka a kwamfutar Manaja ranar da ya yi tafiya. Amma inda na fi so shi ne wajen Badamagare, don tasa ce mai lasifika mai kyau. In malam ya yi gyaran murya a cikinta, sai ka rantse yana zaune a bayan ƙofa.

Wata Litinin aka wayi gari kwamfutocin kamfanin sun rikice. Sai nauyi suke kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. Foldojin da mutane ke ajiye aikinsu duk sun fito da wata 'yar kibiya a gindinsu, wasu kuma sun ɓace ɗungurungum. Na shiga da shayi na tarar da Badamagare ya dafa kai. Na ce bawa, wa ya mutu? Bai rama ba. Ya ce zanensa na shekara da shekaru babu ko ɗaya. Ranar ce na fara ganin shayinsa ya huce bai taɓa ba.

Manaja ya kirawo wata injiniya daga Hotoro, mace ce mai gilashi, ba ta da fara'a sosai amma ta san aikinta. Ina zuba musu shayi ina kasa kunne. Ta ce wannan irin cutar tsutsa ake ce mata, domin ba ta jira a ɗauke ta, da kanta take rarrafawa. In aka soka filash mai ita a kwamfuta sai ta shige, kuma duk filash ɗin da aka soka bayan nan sai ta hau shi ya kai ta gaba. Ta ce yawanci ba cinye aikin take yi ba, ɓoye foldar gaskiya take, ta ajiye ta bogi mai kibiya a gurbinta. Kai kuma kana danna ta bogin, ka sake tashin tsutsar da hannunka.

Kwana biyu ta yi tana aiki. Ta fara raba kwamfutocin da wayar da ta haɗa su da juna. Ta hana su buɗe filash da kansu da zarar an soka. Ta sa musu sabon maganin da ke farautar tsutsar, ta goge foldojin bogi, ta fito da waɗanda aka ɓoye. Da zanen Badamagare ya dawo, sai da ya fita waje ya yi sujada a kan siminti. Na bi shi na ce ashe bayi ma suna godiya. Ya ce, "Baba, yau ko me ka ce na yafe."

Sai dai ta ce akwai matsala guda. Kwamfutarsa ta tsufa, ba ta ɗaukar sabon maganin, kuma ba a iya canza ta saboda injin ita kaɗai ya sani. Don haka ta wanke ta da hannu, ta liƙe ramukan da ake soka filash da salatif, ta ce kada wanda ya ƙara soka mata komai. Manaja ya nuna Badamagare da biro a gaban kowa ya ce ofishinsa ne, in ta sake faruwa shi zai tafi.

Daga nan ta ajiye kwali a kan tebur, ta ce duk mai filash a kamfanin nan ya kawo, na aiki da na gida. Za ta kwashe abin da ke ciki, ta share filash ɗin tas, sannan ta mayar. Ni kuwa kalma ɗaya kunnena ya kama: sharewa. Na ce a raina, yarinyar nan za ta share mini malam. Sannan na kawo wa kaina fatawa, irin wadda jahili ke bai wa kansa ba tare da ya biya ko sisi ba. Na ce abin da ke ɗauke da ayoyin Allah da hadisai, ta ina tsutsa za ta shige shi? Ai sai dai na masu waƙoƙi da finafinai. Da kwalin ya zo kaina, na zare filash ɗin na tura cikin naɗin hulata, na buɗe hannuwa.

Ta dube ni ta saman gilashi ta ce, "Baba, ku ba ku da shi?"

Na ce, "'Yata, ni da ko agogo sai an karanta mini?"

Aka yi dariya. Sakatariya ta san ina da shi, mai sito ma ya sani, amma ba wanda ya kawo a ransa cewa karatun malam zai iya zama shi ne silar. Su ma fatawarmu ɗaya. Badamagare ya riga ya koma ofishinsa yana duba zanensa, bai ma ga an zagaya da kwalin ba.

Na yi haƙuri mako biyu. Ranar wata Juma'a kowa ya tafi masallaci, ni kuma ƙafata ta kumbura, na ce zan bi jam'in bakin ƙofa. Ina zagayawa ina kulle ofisoshi, sai kewar muryar malam ta kama ni. A gida ba ni da abin saurare. Na tsaya a ofishin Badamagare ina kallon salatif ɗin nan. Don in nuna ni ma na san tsafta, sai na hure bakin filash ɗin, na goge shi da hannun riga, na yi bisimilla. Na ɓare salatif a hankali na soka. Foldar karatun ta fito da 'yar kibiyarta a gindi. Na gan ta da idona. Na danna. Malam ya yi gyaran murya ya fara, ni kuma na zauna a kujerar mutumin ina share hawaye, ina jin kaina salihin bawa. Da na gama na mayar da salatif na shafe shi da babban yatsa.

Ranar Litinin kwamfutar ta ƙi tashi da kyau, injin zane ya tsaya. Lokacin kuwa damina ta ƙarato, wani babban dillalin taki yana jiran buhunansa, motocinsa na tsaye a bakin ƙofa. Injiniya ta yi tafiya, sai bayan kwana huɗu za ta dawo. Dillalin bai jira ba, ya kwashe aikinsa ya kai wani kamfani a Challawa.

Da ta dawo ta duba, ta ce an soka wani abu, ga salatif nan an ɓare an mayar. Badamagare ya rantse bai taɓa ba. Manaja ya ce to aljani ne? Kafin a kira Badamagare ofis, ya same ni a wajen da nake wanke kofuna. Ya tsaya daf da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, makulli a hannunku yake. Don Allah ranar Juma'a kun ga wani ya shiga?"

Filash ɗin yana cikin hulata a lokacin, ina jin tudunsa a kan fatar kaina. Kalma uku kawai ake nema: ni ne, yafe. Amma na tuna shekaruna, na tuna ba wanda zai ɗauki tsohon masinja aiki in an kore shi, na tuna dariyar da za a yi mini. Sai bakina ya koma inda ya saba.

Na ce, "Bawa, ko dai tsutsar daga Damagaram ka taho da ita a buhun gero?"

Ya daɗe yana kallona. Bai yi dariya ba, bai rama ba. Ya ce, "Allah Ya kyauta, Baba," ya juya.

Kafin la'asar an ba shi takarda, kuma ni aka aika in kai masa. Ni na karɓi katinsa na shiga kamfani, ni na kulle ofishin bayan ya kwashe dardumarsa da butarsa. A bakin ƙofa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, kamar yadda mai tafiya ke yi. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce duk wasan da ya yi mini in akwai wanda ya yi zafi in yafe masa. Na ce na yafe. Kun ji fa, ni ne na yafe masa.

Wata guda na yi abinci ba ya mini daɗi. Na kasa sauraron karatun, na kasa jefar da shi. Rannan injiniya ta zo duba aiki, na tare ta a bayan sito na ciro filash ɗin daga hula na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, na so a ce ta zage ni. Ta soka shi a tata kwamfutar mai magani, nan take ta kama tsutsar. Ta goge foldar bogi, ta fito da ta gaskiya, ta kwashe karatun gefe, ta share filash ɗin, ta mayar da karatun. Ko shayin da na kawo mata bai huce ba ta miƙo mini.

Ta ce, "Ga malaminku nan, Baba, ko harafi bai ragu ba. Da kun sa a kwali ran nan, iyakar abin da zan yi ke nan."

Na je na faɗa wa Manaja. Ya ce an riga an ɗauki wani, kuma shi ba zai kori tsoho ya ƙara zunubi a kan zunubi ba. Ya karɓe makullan, ya bar ni da tsintsiya da butar shayi. Na nemi lambar Badamagare, ba ta shiga. Na je gidan da yake haya a bayan kamfanonin, mai gidan ya ce ya nemi aiki a Bompai bai samu ba, ya kwashe iyalinsa sun koma gida. Na tambayi direbobin da ke zuwa can, na ba da saƙo har sau uku. Ko ya isa, ko bai isa ba, Allah ne masani. Har yau ban ji daga gare shi ba.

Abin da na koya, na koye shi da tsada, kuma ba ni na biya ba. Tsarkin abin da ka ɗauko ba ya wanke mazubin da ka ɗauko shi a ciki, don haka in masu sani suka ce a kawo a duba, ka kai naka, ko me ke cikinsa. In kuma ba ka gane ba, ka tambaya, kada ka yi wa kanka fatawa. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne wannan: gaskiya tana da lokacinta. Na faɗe ta daga baya, cikakkiya, ba ragi, sai dai a lokacin ba ta da sauran amfani ga mutumin da ya tsaya a gabana yana roƙona ita.