Lamba Ɗaya a Bayan Ƙofar Shago

Shekara guda cur gurbin lamba ɗaya ya yi babu komai a bayan ƙofar shagona, kuma duk laifin taubashina ne. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A lokacin ina da shagon ɗinki a unguwar Alabar cikin Kumasi, ɗaki ɗaya da keke biyu. Taubashin nawa, ɗan kawuna, yana gyaran agogo a kan wani ɗan tebur a bakin ƙofa. A wani ƙauye kusa da Ƙonni a ƙasar Nijar aka haife shi, kawu ya zo da shi Kumasi yana ɗan shekara shida. Ni kuwa a Zangon Kumasi aka yanke mini cibiya, ubana mutumin arewacin Gana ne. Da yake ni ɗan mace ne shi ɗan namiji, bai taɓa kirana da sunana ba. Bawa yake ce mini, ko a gaban masu kawo ɗinki.

Mu huɗu ne a majalisar shagon: ni da shi, da wanzamin da ke maƙwabtaka da mu, da wani direban trotro, wato motar haya, mai bin hanyar Ayigya. Ba mu da hirar da ta wuce silima. Wata rana direban ya shigo da wata tsohuwar mujalla da fasinja ya manta a motarsa, a ciki Turawa sun jera finafinan da suka ce sun fi kowanne kyau a duniya. Na karanta musu sunayen daga sama har ƙasa. Babu ko ɗaya da muka taɓa gani. Wanzami ya ce in dai fim bai iya zuwa Kumasi ba, to ba wani fim ba ne. Nan take na ɗauko allin da nake zana yadi da shi, na rubuta ɗaya zuwa goma a bayan ƙofa, muka ce za mu yi namu jerin.

Doka biyu muka kafa. Ta farko, a ɗaga hannu, masu rinjaye su ci. Ta biyu, duk wanda ya faɗa wa ɗan majalisa ƙarshen fim ɗin da bai gani ba, hannunsa ya faɗi, ba za a ƙirga shi ba. Ni na kawo wannan doka ta biyu da bakina, saboda direba ba ya iya riƙe labari, tun kana ɗaura takalmi za ka tafi kallo zai gaya maka wanda ya mutu.

Gurbi tara muka cike cikin wata biyu, da rigima amma dai muka cike. Ba ma kiran finafinan da sunayensu na gaskiya, sai dai na mai doki fari, na makauniya, na 'yan fashin jirgi. Da aka zo lamba ɗaya sai magana ta tsaya cak. Ni da direba muna bayan wani na kaboyi, labarin mutum mai hannu ɗaya da ya tsare rijiyar garinsu shi kaɗai. Fim ne tsaf, babu waƙa babu ɓata lokaci. Taubashi da wanzami kuma sun kafe a kan wani na Indiya da muke kira na mai kwalekwale. Biyu da biyu, kullum biyu da biyu. Mun ɗaga hannu ya fi sau talatin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hujjar taubashi. Wai fim ɗin yana wanke zuciya. Wai sau takwas ya kalle shi, kuma kowane lokaci da murna yake fitowa.

Rannan na ajiye almakashi na ce, “Da murna? A wannan fim ɗin?”

Ya ce, “To me ya fi wannan daɗi, Bawa? Mutum ya baro ƙauyensu ba shi da ko takalmi, ya zo birni ya yi shago, ya auri yarinyar, gari duka ya fito ana rawa cikin ruwan sama.”

“Daga nan fa?”

“Daga nan sai a kunna fitila in tafi la'asar.”

Na dube shi, na dubi wanzami. Ashe shi kallon rana yake zuwa, wanda ake farawa ƙarfe biyu. Fim ɗin Indiya kuwa awa uku ne, ana yin hutu a tsakiya don mutane su sha iska su sayi gyaɗa. Hutun yana faɗawa daidai kiran la'asar. Shi kuma mutumin agogo ne, ba ya ƙara wa salla ko minti ɗaya. Sai ya fice masallaci, daga can ya dawo teburinsa. Sau takwas, rabin fim yake kallo.

Ba wai bai san akwai saura ba. Ya sani sarai. Cewa ya yi, “An ɗaura aure, an yi rawa, me ya rage? Sauran ai ja da labari ne kawai.”

Abin da ya rage kuwa ni na gan shi. Bayan hutun ne mutanen birnin suke juya wa mai kwalekwalen baya, su ce ai baƙo ne, su kore shi da ƙullin kayansa. Ya koma ƙauyen da ya baro, ya tarar babu wanda ya san shi. Mata kuka suke fitowa da shi daga silimar. Maganar nan ta zo mini har bakin leɓe, sai na ga taubashi ya nuna mini ƙofa da ɗan ƙaramin sukudirebansa.

“Faɗi mana, Bawa. Faɗi hannunka ya faɗi.”

Na haɗiye. Na juya kan wanzami na ce shi da ya ga ƙarshen, me ya hana shi magana. Ya ce, “Ni waƙan kawai nake so. Bayan hutu barci nake yi, ban san komai ba koraa, ko kaɗan.” Direba ya kama ciki yana dariya, yana cewa, “Massa, maigida, mutanen nan sun gama da kai paa, ƙarƙaf.” Wato da mai rabin kallo da mai barci nake ta jayayya wata da watanni.

Babu dabarar da ban yi ba. Na ce a ƙara doka ta uku, wanda bai ga fim har ƙarshe ba kada ya ɗaga masa hannu. Aka ɗaga hannu a kan dokar, biyu da biyu. Na ce lokacin la'asar yana da faɗi, ya zauna ya gama kallo ya yi sallarsa kafin rana ta yi ja. Ya ce shi ba zai sa Ubangiji jiran 'yan rawa ba. Na ce to mu je kallon bayan magariba. Ya ce sai ya faɗa kan isha'i. Har malamin unguwarmu na kai wa maganar, ya saurare ni tsaf, sannan ya tambaye ni me ya kai ni silima tun farko. Na dawo shago na ɓata wuyan rigar wani Alhaji don haushi.

Muna cikin haka, a ƙarshen shekarar 1969, cikin watan azumi, gwamnati ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Taubashi ba shi da takarda. Bai taɓa tunanin yana bukatarta ba, mutumin da ya fi ni iya Turancin Kumasi da yaren Asante. Mun yi ta zirga-zirga ofis-ofis, ba mu samu komai ba sai layi da rana. Zango ta cika da ƙullin kaya da kwanoni a bakin titi. Ya naɗe kayan aikinsa a cikin wani tsohon zane, ya bi gida-gida yana mayar wa mutane agogunansu, waɗanda ya gyara da waɗanda bai kai ga gyarawa ba.

Ranar tafiyarsa da hantsi muka raka shi tasha, mu uku. Matarsa da 'ya'yansa sun riga sun hau bayan lori.  Taubashi ya sa ƙafa ɗaya a kan taya zai hau, sai ya sauko, ya matso kusa da ni.

“Bawa, can inda za ni babu silima. Gaya mini, yaya mai kwalekwalen nan ya ƙare?”

Shekara guda ina jiran wannan tambayar. Na tanadi amsar tsaf, har da yadda zan kalle shi in na gama. Na dubi ƙullin da ke hannunsa, na dubi lorin. Na ji tausayinsa ya kama ni.

Na ce, “Kai ke da gaskiya. Babu komai bayan hutun. Ya zauna a birninsa, shagon ya bunƙasa, ya tsufa cikin jikokinsa.”

Ya ƙura mini ido. Sannan ya juya wajen wanzami da direba.

“Kun dai ji da kunnenku. Ya faɗi ƙarshen fim. Hannunsa ya faɗi. Masu mai kwalekwale su ɗaga.”

Ya ɗaga hannu, wanzami ya ɗaga, a tsakiyar tasha, mutane suna kallonmu kamar mahaukata. Biyu da ɗaya. Na buɗe baki zan ce ai ƙarya na yi, ƙarya kuwa ba ta karya doka. To amma in na ce ƙarya ce, sai ya tambaye ni gaskiyar. Na rufe bakina. Ya haye lori yana dariya, ya leƙo ta tsakanin katako ya ce in rubuta da kyau, kada in yi masa rubutun tela.

Da na koma shago na rubuta, da hannuna, da allina. Bai sake dawowa Kumasi ba, wasiƙa biyu kawai na samu daga gare shi, kuma a kowacce sai ya tambaya ko lamba ɗaya tana nan. Har yau ban san ko ya yarda da abin da na faɗa masa a tashar ba, ko kuwa ya karanta gaskiyar a fuskata ya ga dama ce ta samu. Na kaboyin nan ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba, a kan wannan zan mutu. Amma shekara goma sha ɗaya na ƙara a shagon, an yi wa ƙofar fenti sau biyu, kuma kowane lokaci ina tsaye a kan mai fentin don kada burushinsa ya taɓa layin sama.