Iskar da na ƙara wa jirgin Baba

Na fi sau biyar ina rubuta wannan magana ina gogewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma labarin ba na yabon kai ba ne. Yau dai na daure, domin akwai abin da nake nema a wurinku.

Shekarun baya, da muka tare a garin Bowie na jihar Maryland, maƙwabcinmu wani dattijo ne mutumin Jos, ya yi ritaya daga aikin asibiti a Largo. Baba nake ce masa, shi kuma ba ya kirana sai da Bakano. Yana da ƙaramar tirela mai ɗakin kwana, irin wadda ake sauke rufinta a ja ta da mota. Yana kuma da jirgin kamun kifi na roba: dogayen tiyub biyu da ake hura wa iska, da kujeru biyu bisa ƙarfe a tsakaninsu. Da shi suke shiga wani tafki shi da matarsa kafin ta rasu.

A shekarar da ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya, ya ce yana so ya shiga tafkin sau ɗaya tak. Akwai wani lungu can ciki inda marigayiyar take son su tsaya, mota ba ta zuwa, ƙafa ba ta zuwa. Hannunsa ya rasa ƙarfin ɗaure kaya, sai ya roƙe ni in raka shi in yi tuƙi.

Ni kuwa ɗaurin kaya sana'ata ce. Shekara goma sha ɗaya na yi ina yaron mota tsakanin Kano da Fatakwal, kuma abin da maigidana ya dasa min shi ne kayan da ke motsi shi ke kashe mutum.

Da yamma muka ɗora jirgin a kan rufin tirelar. Baba ya danna tiyub da babban yatsa, ya buɗe bakinsa ya rage iska har ya yi laushi, sannan ya sa na ja bel biyu kawai.

Na ce, "Baba, wannan ai bai ɗauru ba."

Ya ce, "Bar shi haka, Bakano. Ba buhun albasa ba ne. Gobe rana za ta cika sauran."

Na ce to, amma raina bai ce to ba. Bayan sallar asuba na fito na tura jirgin da hannu, na ji yana rawa. Nan take na hango shi ya tashi sama a babbar hanya ya faɗa kan motar wasu da 'ya'yansu. Na ɗauko famfo na cika tiyub ɗin duka biyu har suka yi tauri kamar ganga. Na kawo igiyata na yi masa ɗaurin tasha, ina dafa ƙafa ina ja. Har wani daɗi na ji, wai na rufa wa tsoho asiri.

Muka tashi da hantsi, yana gefena yana ba ni labarin wani kifi da matarsa ta kama, wanda kullum yake ƙara girma a bakinsa. Wata na bakwai ne, zafi kamar na Maiduguri. Mun yi tafiyar kusan awa biyu sai na ji ƙara a baya, fam! Na gangara gefe na tsaya.

Tiyub na dama ya tsage daga ɗinki, daidai inda igiyata ta cije shi, tsayin hannu guda. Baba ya zagaya a hankali ya danna na hagu da yatsa. Bai dannu ba, zafin rana ya ƙara kumbura iskar da na cika. Ya dubi igiyar, ya dube ni, ya buɗe bakin tiyub ɗin iska ta fita. Sai ya ce, "Ya tsufa ne, kamar mai shi."

Wallahi a nan ya kamata in yi magana. Ban yi ba. Cewa na yi, "Allah ya tsare, tunda babu wanda ya ji ciwo."

Muka ƙarasa, muka ɗaga rufin tirela muka yi kwana biyu. Masu ba da hayar jirgi a wurin sun ce duk an kama nasu. Baba ya jefa fatsarsa daga gaɓa, amma ba fatsar yake kallo ba. Lungun nan yake hange, wasu suna wucewa a jiragensu suna ɗaga mana hannu. Bayan sati uku ya tafi Jos, ya bar min jirgin a gareji.

Sai da na yi shekara biyu kafin na faɗa masa ta waya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ai yatsana ya riga ka faɗa, Bakano. Na ƙyale ka ne don kai ke tuƙi, kada ka zubar da mu wurin kuka. Na yafe tun a bakin hanya."

Ya yafe, na sani. Amma har yau ina ganin bayansa a bakin ruwan nan. Ba sakaci ne ya fasa jirgin ba, tsorona ne, da ganin na fi mai kaya sanin kayansa. Yanzu in mai abu ya ce bar shi haka, ko hannuna na ƙaiƙayi nakan sa shi a aljihu.

'Yarsa ta ce za ta kawo shi nan ganin likita idan zafi ya shigo, ni kuma ina so in kai shi lungun nan. Na kai tiyub ɗin wurare biyu, sun ce tsagewar ɗinki ba ta liƙuwa. Don Allah, in akwai wanda ya san mai gyaran irin wannan roba a Maryland ko Virginia, ko inda ake sayar da tiyub ɗaya ba sai an haɗa biyu ba, ya sanar da ni. Baba ya haura tamanin, kuma ba na jin za a sake kawo shi bayan wannan.