Wutsiyar Karena

Jikokin 'yata suna da wani majigin zane da suke kallo a tele, na wata yarinya da karenta. Ta rungume shi, shi kuma ya yi ta kaɗa wutsiya, yaran su yi ta ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa da an fara sai in ja tabarmata in koma bayan ɗaki. Wai tsohuwa ba ta son abin zamani. Ina ruwana da zamani? Wutsiyar ce ba na iya kallo.

Ban fi shekara takwas ba a lokacin, Nasara bai daɗe da zama a ƙasarmu ba. Babana majemi ne a Matameye, kuma can majema, bayan gari, wani jan kare mai karyayyen kunne ya samo mu, yana kalen naman da ake kankarewa daga fata. Inna ta rantse ba zai taka mata gida ba, don in ya lashi ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Sai ya zama ni ke kai masa ƙanzo a bakin zanena. Ban taɓa sa masa suna ba, "kai" nake ce masa, kuma tun daga nesa in ya ji, sai wutsiyar nan ta fara share ƙasa.

Wata ran kasuwa mai shela ya kewaya gari. Wai mahaukacin kare ya ciji dokin kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, wajen Kance, saboda haka a kashe kowane kare. Duk wanda aka sani da kare ya kai wutsiyarsa ƙofar mai unguwa kafin la'asar ta jibi, in ba haka ba a tafi da maigidan aikin tilas na hanyar Damagaram. Kowa kuwa ya san jan karen majema namu ne.

Na yi kuka a gaban Inna, ta ce in tashi in ba ta wuri, ubana za a ɗauke ina yi mata maganar kare. Na je wurin Malam maƙwabcinmu, ya ce in yi haƙuri, ya ci gaba da rubutunsa. Washegari na ja karen muka bi hanyar Dawce har ƙafafuna suka yi ciwo, na yi ta jifansa da hoge ina zaginsa, ina kuka. Na juyo da gudu. Ko da na iso majema, ga shi kwance a inuwa yana jirana, yana kaɗa mini wutsiya. Ranar na ji kamar in faɗa rijiya.

Baba ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya faɗinsa.

"Uwata, gobe da hantsi zan kai shi daji. Kada ki biyo ni."

"Baba, bai ciji kowa ba."

"Na sani. In aka tafi da ni, wa zai ciyar da ku?"

Na fita na bi ta ƙofar mai unguwa, na tarar da gardi, ɗan sandan kumandan mai jar hula, zaune gaban tarin wutsiyoyi, ƙuda ya rufe su, yana juya su da sanda yana toshe hanci. Na daɗe tsaye ina kallo. Ko mutum ɗaya bai tambayi inda gawar karnukan take ba.

Da gari ya waye, kafin Baba ya gama karin kumallo, na ɗauke wuƙarsa ta aiki da ɗan garin bagaruwa, wanda nake ganin yana zubawa in ya yanke. Na kira karen muka yi gabas, har gindin wani gawo. Na zuba masa ƙanzo ya hau ci, na ɗora wutsiyar a kan saiwa. Ƙin tsayawa ta yi, don murna yake, sai da na taka ta da ƙafa. Hannun yarinya ne, sara ɗaya bai raba ba, sai da na sake. Bai cije ni ba. Da ma cizona ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ƙara kawai ya yi, irin wadda har yau nake ji a kunnena. Na watsa masa bagaruwar, ko ta same shi ko ba ta same shi ba, ya fizge ya yi daji.

Na kai wa Baba wutsiyar. Ya juya ta a hannu, ya dubi jinin zanena. Mutumin da ya tsufa cikin fata ba a yi masa ƙarya da irin wannan.

"Wannan daga jikin mai rai aka yanke ta," ya ce a hankali.

Ya sunkuya ya turmushe ta cikin ƙasa har jinin ya dushe, ya kai da kansa. Gardi ko ɗaga kai bai yi ba. Ba a tafi da Baba ba, kuma bai sake tayar mini da maganar ba har ya bar duniya.

Kullum ina zuwa majema da ƙanzona. Ina tsoron ya dawo a gane mu, ina kuma tsoron kada ya dawo. Haka damina ta wuce, su gardi suka manta da karnuka suka koma kan wani abin.

Bayan kaka, ran kasuwa, wani maharbi daga wajen Kurni ya zo da naman daji, karnuka uku suna bin sa. Na baya ja ne, kunne ɗaya a karye, ba wutsiya. Ya yi ƙiba. Kayan miyan da Inna ta aike ni sayowa suka zube daga hannuna.

"Kai," na ce.

Ya tsaya cak. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, bai matso ba bai kuma ja da baya ba. Na tsuguna na miƙa hannu, ina kallon bayansa yadda na saba, babu abin da ya motsa. Ko murna ya yi ko tsorona ya ji, ban sani ba, don abin da zai gaya mini da shi ni na yanke.

Maharbin ya yi fito, ya juya ya bi shi.