Jan Fenti a Bangon Gidana

Shekarar da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, ni aka fara turowa. Maigidana aka bar shi can, don tasu ma'aikatar ba ta tashi ba tukuna. Aikina buga tafireta ne a sashen mulki. Na iso da 'ya'yana mata biyu da kwalayen kaya, aka ba mu ɗaki ɗaya a kwatas ɗin Nyanya, inda muke haɗa banɗaki da mutanen da ko sunayensu ban gama sani ba. Da na gaji, na kira maigidan ta wayar ofis. Ya ce, "In kin samu gida mai sauƙi ki saya, ni ma ina nan tafe."

Wani dillali da ke zama gindin bishiya a bakin sakatariya shi ya kai ni wata sabuwar unguwa a bayan Karu, can inda kwalta ta ƙare. Gidan ɗaki uku ne da falo, na bulo, kwanonsa sabo fil, ba a yi masa filasta a waje ba. A tsakar gida akwai rijiya da aka haƙa rabi aka bari. Mai gidan ɗan kwangila ne, ya ce zai koma garinsu. Duk tsawon cinikin bai zauna ba, makullin motarsa na hannunsa. Takardar da ya miƙo mini falle ɗaya ce, da hatimin mai unguwa da dangwalen yatsa. Na tambayi takardar gwamnati.

Dillalin ya yi dariya. "Hajiya, wannan sai a hankali. Duk wanda kika gani a nan haka ya saya."

Na duba. Gidaje ne jere, wasu har da eriyar talabijin, da motar wani babban jami'i a ƙofar gida. Na saya.

Da farko na ji daɗin wurin. Bayan sallar asuba nakan kai yara gidan wata maƙwabciya da ke raka su makaranta, in taka zuwa bakin titi in jira bas ɗin ma'aikata. Kusan duk unguwar haka take: da safe ta zube cikin gari, da yamma ta dawo a gajiye. Tsakanin nan ba kowa sai mata ƙalilan da magina da awaki.

Daura da ni, ƙetaren hanya, akwai wani gidan ƙasa mai ɗakuna zagaye da rumbuna. Na wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Gbagyi, da ɗanta manomin doya da iyalinsa. Ita ce ta fara shigowa yi mini barka da zuwa, da doya biyu a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ina kiranta Mama.

Ranar da na kawo magini zai yi wa gidan filasta, ta tsaya a ƙofa tana kallonsa yana kwaɓa siminti.

"Kai kana son wahala," ta ce.

"Don me, Mama?"

"Ni ba na sa siminti. Sau biyu an tashe ni. Inda kana zuwa aiki, gonar babana ne. Sun zo da ƙarfe mai ƙafa uku, sun leƙa, sun tafi. Doya bai nuna ba mota ya zo."

Na ce ai wancan cikin gari ne, nan kuwa bayan gari. Ba ta yi musu ba. Ta ce can ma da bayan gari ne, ta tafi abinta.

Wata Asabar, ana dab da damina, ina shanya na hango farar mota ta tsaya a ƙarshen layinmu. Mutum uku suka fito. Ɗaya ya kafa ƙarfe mai ƙafa uku yana leƙawa, ɗaya ya yi nisa da doguwar sanda mai zane. Ba su gai da kowa ba. Maƙwabcina na dama, wani malamin asibiti, ya je ya yi musu sannu da aiki, ya tambaye su me ake aunawa. Babbansu ya ce, "Oga, mu aiko mu aka yi." Kafin azahar sun tafi. Suka bar duwatsun siminti ƙanana, kowanne da lamba, an binne su a layi ɗaya. Layin ya ratsa gonar ɗan Mama, ya bi ta gefen rumbunta, ya wuce kusurwar bangona da kamar taku biyu.

Da yamma na ga Mama da surukarta suna fito da hatsi daga rumbu suna ɗurawa a buhu. Ba wanda ya ce musu komai, ba takarda, ba sanarwa. Na tsaya ina kallonsu har tukunyata ta kama.

Mazan unguwa suka yi taro bayan sallar la'asar, Musulmi da Kirista, a ƙofar gidan jami'in nan mai mota. Ya ce a kwantar da hankali, ya san mutane, bututun ruwa ne za a kawo mana. Har aka yi tafi. Sati biyu bayan haka na dawo daga aiki na tarar ya kwashe iyalinsa, har tagogin gidan ya cire.

A ofis akwai wani dattijo mai kula da fayiloli, ƙaninsa na aiki inda ake zana taswirar gari. Na roƙe shi. Ya haɗa mu lokacin hutun rana, a ofishin ƙanin, ɗaki mai sanyi cike da takardu a naɗe. Mutumin ya shimfiɗa ɗaya a tebur, ya danne kusurwoyinta da kofi da littafi. Na nuna masa Karu, na bi da yatsa zuwa inda nake zaton gidana yake. Babu komai a wurin. Fari ne fat, sai layi biyu masu kauri da suka ratsa shi.

"A wurinmu ba kowa a nan, Hajiya," ya ce.

"Ni ina nan. Da 'ya'yana."

Ya naɗe takardar a hankali. "Ban ce gobe ba. Wani zanen yakan shekara goma a ajiye. Wani kuma sati."

Ban gaya wa maigidana ba. In ya kira nakan ce lafiya lau, an kusa gama rijiya.

Jan fentin ya zo ranar aiki, lokacin da unguwa ba kowa. Babbar 'yata ce ta tarye ni a bakin hanya, ta ce, "Umma, an yi mana maki a bango, irin na wanda ya faɗi jarrabawa." Gicciye ne babba, fentin ya zuba ya bushe a kan sabuwar filastata. Gidajen ƙetare duk an yi musu. A namu layin, gida huɗu ne kawai, har da nawa. Malamin asibitin ya kwana biyu yana goge nasa da kananzir. Jan ya dushe, amma siffar ta tsaya.

Daga ranar tafiya aiki ta zame mini azaba. Ina buga wasiƙa, hankalina na gida. In ƙofar ofis ta buɗe da ƙarfi sai in zabura in duba ko saƙo aka kawo mini daga gida. Da yamma nakan yi kokawar samun kujerar taga, don akwai wata kwana bayan Nyanya da ake hango rufin unguwarmu. Ba ni kaɗai ba ce. In bas ya doshi kwanar sai hira ta mutu, kowa ya miƙa wuya. In muka ga kwanuka na ƙyalli, wani zai ce "Alhamdulillahi" a hankali, a ci gaba da magana. Takardun makarantar yara da nawa na ɗinke su a jaka ɗaya, ina yawo da ita kullum. Yaran kuma na hana su zama a gida in ba na nan.

Haka muka ci damina guda. Wasu suka tashi, wasu suka fara cewa ai an manta da mu. Wani ma ya ƙara ɗaki.

Katafila ta zo wata Talata, bayan an cire doya. Ban gani da idona ba. A kwanar nan na fara ganin ƙura ta tsaya a sama, wata mata a bayana ta fashe da kuka tun ba a san gidan wa aka rushe ba. Na sauka da gudu, takalmi a hannu. Layin ƙetare babu shi. Daga ƙofata ana hango dutsen da ban taɓa sanin yana nan ba. Sawun katafilar ya zo har gindin bangona, ya ɓantare kusurwar, ya juya. Maƙwabciyata ta ce direban ya kashe inji wajen la'asar, ya ce mai ya ƙare, za su dawo.

Mama na zaune kan buhunanta a tsakiyar fili, jikokinta kewaye da ita. Ɗanta ya tafi neman mota. Na durƙusa a gabanta. Na ce su shigo gidana su kwana.

"Gidanka?" ta ce. Ta dubi bangon, ta dube ni. Ba da izgili ba. "A'a. Muna da mutane a Uke."

Kafin magariba wata tsohuwar akori-kura ta kwashe su. Ban sake ganinta ba.

Masu katafilar ba su dawo washegari ba, ba su dawo wancan watan ba. Maigidana ya iso daga Legas, ya tsaya da jakarsa yana kallon bangon, bai tambaye ni me ya sa na ɓoye masa ba. Ya sayi bulo ya gyara kusurwar. Muka shekara bakwai a gidan, kuma ban taɓa jin ƙarar babban inji ba tare da na ajiye abin da ke hannuna ba. Titin da aka zana ba a yi shi ba. Ciyawa ta rufe filin, yara suka mai da shi wurin ƙwallo, sannan wata rana aka sauke yashi.

Wani saurayi ne zai yi gini a wurin, sabon ma'aikaci, da amaryarsa a gefe tana riƙe da lema. Ya ƙwanƙwasa mini ƙofa yana neman ruwan da magina za su fara aiki da shi. Na faɗa masa duk abin da na sani, ban rage komai ba. Ya saurara cikin ladabi, kansa a sunkuye.

"Na gode, Hajiya," ya ce. "To ina za mu je?"

Na buɗe masa rijiya.