Rigar Aro a Cikin Rijiya

Mun tashi daga Gangara ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, da kawuna, da maƙwabcinmu Bafillace wanda farin nan ya bar shi da sanda ba shanu. Abin da ya fitar da mu ba ɓoyayye ba ne. Bara ko kara ba mu girbe ba, bana kuma yunwa ta sa mun dake irin shuka mun sha. Ga bazara ta nuna, hadari ya fara leƙowa ta gabas. In ruwa ya sauka ba ni da iri, sai dai in jinginar da gonar da ubana ya bar mini, in kwashe iyali mu tsallaka Najeriya. Ana haka muka ji wai akwai majami'ar 'yan mishan a wani ƙauye bayan Sae Sabuwa, tana ba mutane irin gero.

Kawu ne ya tsara tafiyar, shi ne kuma ya so ɓata ta. Ya ce zuri'armu ba ta taɓa roƙo ba, ba kuwa a ƙofar Kirista za a fara ba, sai mu je da mutuncinmu. Muka bi gari aron kaya. Na samo babbar rigar da surukina ke zuwa Idi da ita, fara sol. Kawu ya naɗa rawani kamar mai zuwa karɓar haraji. Bafillace ya ce malafarsa ta ishe shi. Buhunan zubo iri kuwa muka naɗe su a ciki ƙarƙashin riga, suka ba mu tumbin da rabonmu da shi tun ana ruwa.

A kasuwar Gazawa akuya guda ba ta sayen tiyar gero. Abin da ke da masaya shi ne anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, da garin rogon Najeriya. Muka hau gingimari mai zuwa Maradi, karen mota ya dubi tumbinmu ya tsuga mana kuɗin alhazai, kawu ya biya yana murmushin dole. A shingen Agye jandarma har sara masa ya yi, don bana duk mai tumbi babban mutum ne. Dariya ta ƙare da muka fara wuce mushen shanu a bakin hanya. Bafillace ya ja malafa ya rufe fuska har muka sauka. Ni ma zuciyata ta karye.

Muka kwana a tashar Maradi, da safe muka sami amalanken jaki ya kai mu ƙauyen. Majami'ar ɗakin ƙasa ce mai rufin kwano, an ɗaure itace biyu a bisa ƙofa. Na leƙa, ba wurin zama, buhuna ne har rufi. Kujerun an fitar da su gindin gawo, can suke addu'arsu ran Lahadi. Mata da yara sun yi layi ana zuba musu kunu, Musulmi ne mafi yawansu.

Wani Bagobiri mai wando duk laka ya tarye mu, ashe shi ne fasto. Ya shimfiɗa tabarma ya ce, “Marhabin da manya. Mi at tahe da ku?”

Kawu ya gyara rawani. “Wucewa muke, muka ce bari mu gaisa.”

Matar fasto ta kawo ƙwaryar kunu da tsamiya, ƙamshi ya buge ni har na ga duhu. Kawu ya ce, “Alhamdu lillahi, a ƙoshe muke.” A garinmu sai an yi ta tayi, baƙo yana ƙi ana matsawa, sannan ya miƙa hannu. Matar nan kuwa ga yara na jira, sai ta ce madalla ta ɗauke ƙwaryarta. Da ido muka raka ta har ta ɓace.

Gaisuwa ta ƙare, ba abin cewa, kawu ya miƙe wai sallama. Nan bakin buhu ya zazzago daga ƙasan rigarsa yana lilo. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Fasto ya gani sarai, sai ya ɗaga kai yana duban gawo.

“Baba, ni ko ina da roƙo,” in ji shi. “Rijiyar gari ta ƙahe, muna gayyar yasa, hannu ya yi muna kaɗan.”

Wa ke ƙin gayya? Kuma tuwon gayya ba sadaka ba ne, gumin mutum ne. Kawu ya ce ai taimako halin gidanmu ne. Matsala guda ce: in na tuɓe riga buhu zai bayyana. Haka aka zura ni rijiya da rigar Idin surukina, mutanen gari na cewa ba su taɓa ganin baƙo mai tawali'u irina ba. Da igiya ta gaza, rawanin kawu aka ƙulla aka ƙara.

Azahar na yi, fasto da kansa ya tsayar da aiki, ya miƙo buta ya nuna mana alƙibla. Aka kawo tuwo, wannan karon ba wanda ya ce ya ƙoshi sai Bafillace, don su Fulani ba sa ci a gaban jama'a. Matar fasto ta ce, “Ɗan Fillo, don Allah shiga ɗakin can ka koro mini kaji.” Ya jima a ciki. Ya fito yana shafa baki, ya ce kaji sun yi taurin kai. Ni dai ban ga kaza ko ɗaya a ƙauyen ba.

Da la'asar fasto ya ce duk wanda ya yi gayya yana tafiya da iri, in Allah ya ba da damina ya maido a ba wani. Kawu ya yi ƙasa da murya. “Sai kuma mi za ku ce mu yi?”

“Ku shuka,” in ji fasto. “Baba, ɗakin Allah da maƙwabcinai ka kwana da yunwa, ina amfaninai? Ko kuna da abin zubawa?” Ya juya mana baya yana gyaran tiya, muka yi ta kokawa da tumbinmu.

Mun dawo gida ba tumbi, buhuna a kai. Na kai wa surukina rigarsa, ta koma jawur kamar an rina ta. Na durƙusa ina jiran faɗa, don shi ne ya fi kowa cewa hatsin 'yan mishan tarko ne. Ya daɗe yana duban rigar, ya dubi buhun da ke bayana.

“Rijiyar nan,” ya ce a hankali, “an gama ta?”

Na ce da saura.

Tafiyar nan ta koya mini cewa kunya ta fi yunwa saurin kashe mutum, kuma mai taimakon gaskiya shi ne wanda ke cika maka buhu bai zubar maka da mutunci ba. Shekaranjiya ruwa ya sauka, na shuka gonar ubana, ba ta tafi jingina ba. Surukina kuwa tun washegarin dawowarmu ya kama hanyar Gazawa da tsohuwar taguwa, buhunsa a kafaɗa kowa na gani.